Bindigar Da Ke Tashi Yau Ta Ƙi Gobe: Amsa Ga Wani Manomi Daga Ƙasar Ningi

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma maharbi a ƙasar Ningi ta Jihar Bauchi, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa, mun kuwa karɓi roƙonsa. Ga abin da yake cewa a taƙaice. Yana da bindiga mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi, ya ce yana da lasinta, kuma da ita yake korar birai da gadu daga gonarsa ta masara. To tun daminar bara ta soma yi masa wani hali. Sai ya harba sau huɗu ko biyar ta tashi lafiya lau, a na gaba ya ja kunama ya ji ƙyas kawai, babu wuta babu hayaƙi. Wani ƙanen mahaifinsa, tsohon ɗan sanda, ya gaya masa ai ko libarbar da suka riƙe a bakin aiki takan yi haka, wai maganin abin shi ne mutum ya sake jan kunama nan take. Abokan farautarsa kuwa cewa suka yi wani ne ya ɗaure wa bindigar baki. Shi ne yake tambaya: laifin bindiga ne, ko na harsashi, ko kuwa hannu aka sa masa?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Kafin mu je ga neman mai laifi, bari in fara da abin da ya fi damuna a cikinta, watau shawarar da baffanka ya ba ka. Ina ganin girmansa, amma a nan kam ban bi shi ba. Bindigar da ta mutu gaba ɗaya ba ta cika kashe mai ita ba, domin ya san ta mutu, ya rataye ta. Wadda ke tashi yau ta ƙi gobe ita ce abin tsoro, saboda tana koya wa mutum raini. In ta yi ƙyas sai ya ce ai halinta ne, ya sauke ta daga kafaɗa, ya juyo da bakinta yana dubawa, ko ya miƙa wa na kusa da shi. A daidai wannan lokaci ne akan yi asarar ido, ko yatsu, ko rai.

Dalili kuwa shi ne, abin da muke kira "ta ƙi tashi" ba iri ɗaya ba ne. Amma ba za a gane bambancin ba sai an san yadda harsashi yake aiki. In ka ɗauki harsashin bindigarka ka juya gindinsa, za ka ga wani ɗan ƙaramin da'ira na ƙarfe a tsakiya, kamar cibiya. Bari mu kira shi cibiyar harsashi. A cikinta akwai ɗan sinadari kaɗan wanda ke kamawa da wuta idan an doke shi da ƙarfi. Ka ja kunama, sifirin ya saki guduma, guduma ta doki wani ɗan tsinken ƙarfe da ake ce wa allura, allura ta soki cibiya, cibiya ta yi tartsatsi, tartsatsin ya kunna albarushin da ke cikin kwanso, iskar da ta taso daga ƙonewar ta tura ƙwayoyin dalma waje. Wannan dabara ta kunna albarushi da duka maimakon ƙyastu wani limamin coci ne a ƙasar Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistarta a 1807, daga baya aka yi ta gyara ta har ta kai yadda take a yau. Ka ga ke nan sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa, ko wace gaɓa ta yi sanyi, aiki ya tsaya.

Wani lokaci cibiyar ba ta kama ba sam, harsashi yana nan yadda aka sa shi. Wannan shi ne mai sauƙi. Wani lokaci kuma ta kama, amma a hankali, saboda danshi ko tsufa, wutar tana ci a ɓoye kamar garwashi a ƙarƙashin toka, sai bayan ɗan lokaci bindiga ta tashi da kanta ba tare da an sake taɓa kunama ba. Abin da ya sa wannan ya zama mugu shi ne, a kunne ba shi da bambanci da na farko. Dukansu ƙyas za ka ji. Babu maharbin da zai iya cewa wannan ƙyas ɗin na mutuwa ne, wancan na jinkiri ne, komai daɗewarsa a daji.

Saboda haka masu koyar da harbi suka kafa ƙa'ida guda: in bindiga mai harsashi ta ƙi tashi, kada ka motsa bakinta daga inda ka auna, ka cire yatsa daga kunama, ka jira aƙalla sakan 30. Tun da yawancinmu ba ma duba agogo a gona, kuma mutum in ransa ya ɓaci yakan yi ƙirga da gaggawa, ni shawarata ka ƙirga daga 1 zuwa 60. Biri zai tsere, na sani. Bar shi ya tafi, gobe ma zai dawo. Bayan ka gama ƙirga sai ka karya bindigar, fuskarka a gefe, bakinta na kallon ƙasa inda babu mutum ko dabba, gindin harsashin kuma ba ya kallon kowa, kana ka zare shi.

Akwai na uku wanda ba ka ambata ba, amma dole in faɗe shi. Shi ne bindiga ta tashi da rabin murya, ka ji ɗan "fuf" maimakon ƙarar da ka saba ji, kafaɗarka kuma ba ta ji bugu ba. Wannan yana nufin cibiya ta kama amma albarushi bai ci sosai ba, kuma mai yiwuwa toshiyar da ke raba albarushi da dalma, ko dalmar kanta, ta maƙale a tsakiyar bututu. Wanda ya sa sabon harsashi ya harba a bayan wannan, bututun na iya fashewa daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe. Duk sa'ad da ka ji ƙarar da ba ta cika ba, ka karya bindiga, ka cire komai, ka leƙa bututun ta baya, watau ta inda ake sa harsashi, ka tabbata kana ganin haske tas har ƙarshe. Wannan leƙe ya kamata ya zama al'adarka ko da babu abin da ya faru, musamman in bindiga ta daɗe a rataye. Zanzaro ba ya tambayar mai rami kafin ya yi gininsa na laka, kuma bakin bindigar da ke jingine a kusurwar ɗaki wuri ne da yake so ƙwarai.

Yanzu mu zo ga tambayarka, laifin wane ne. Amsar tana rubuce a gindin harsashin da ya ƙi tashi, sai dai a iya karanta ta. Ka ajiye shi kusa da kwanson wani da ya tashi lafiya daga bututu ɗaya, ka gwada ramin da allura ta yi a cibiyar kowanne. In ramukan biyu sun yi daidai, zurfi ɗaya, a tsakiya sosai, to bindiga ta yi aikinta, harsashin ne ya ci amana. In kuwa ramin wanda ya ƙi tashi ɗan tabo ne sama-sama, ko babu shi ma, to duka ne bai kai ba, laifin yana cikin bindiga. In ramin ya kauce daga tsakiya ya koma gefe, wannan ma na bindiga ne, kuma ya fi muni.

Mu fara da harsashi, tun da ka ce abin da damina ya soma. Danshi shi ne babban abokin gabarsa. Harsashi mai kwanson takarda ya fi saurin shan ruwa, har yakan kumbura ya ƙi shiga da kyau, amma mai kwanson roba ma ba ya tsira in ya daɗe, domin danshi na bi ta bakinsa da ta gefen cibiya. Ka duba ƙarfen gindinsa, in ka ga tsatsa ko wani kore-kore, alama ce ta ya sha wuya. Mu tuna inda muke ajiye shi: a aljihun rigar da muke zufa a cikinta tun safe, a ƙarƙashin tabarma a ɗakin da ƙasarsa ke tsattsafo a watan Agusta, ko a saman rufin kwano inda rana ke gasa shi da rana, sanyi ya sauko masa da dare. Mai ma yana lalata shi. Harsashin da ya kwana a cikin bindigar da aka yi wa wanka da mai, man na iya ratsawa ya kashe cibiya. Wurin ajiya mai kyau shi ne gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, a wuri busasshe mai sanyi, nesa da murhu, a kulle inda yaro ba zai kai ba, kuma ba tare da bindigar ba.

Ga 'yan kasuwa da masu saye a hannunsu, ga wani abu. Harsashi lamba-lamba ne, kuma lambar tana rubuce a gindinsa da kuma jikin bututun bindiga. Yawancin bindigogin farauta da ke hannun mutanenmu lamba 12 ne. In aka yi kuskure aka jefa ƙaramin harsashi lamba 20 a cikin bindiga lamba 12, zai zarce ciki ya tsaya a gaba inda allura ba ta kai. Maharbi ya ja kunama ya ji ƙyas, ya karya bindiga ya ga rami fayau, ya ce ashe mantawa na yi ban sa ba, ya ɗora lamba 12 a bayansa ya harba. Bindigogi da yawa sun fashe ta wannan hanya. Saboda haka kada a haɗa lambobi a jaka ɗaya, kuma harsashin da aka saya tsinta-tsinta ba a cikin kwalinsa ba, ba a san shekarunsa ba, ba a san inda ya kwana ba, ni dai ba zan ba shi amanar idona ba. Wanda ya riga ya ƙi tashi kuwa, kada a sake gwada shi, kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara ke tone-tone, kada kuma a farke shi. A ware shi daban a mayar wa dillali mai lasin ko a kai ofishin 'yan sanda.

In kuwa ramin cibiya ya nuna duka ne ya yi rauni, abin da na fi zato, tun kafin a je ga karyewar wani ƙarfe, shi ne datti. Allura tana kai da komowa ne a cikin wani ɗan rami matsattse. Ƙurar hunturu ta shiga, hayaƙin albarushi ya shiga, su haɗu da tsohon mai su zama kamar ƙaro. Nan ne man ja da man gyaɗa suke yi mana ɓarna. Na san da yawa daga cikin maharbanmu da su suke shafe bindiga don tsoron tsatsa, niyyar kuwa mai kyau ce, amma man girki in ya daɗe yakan yi danƙo, man ja kuma daskarewa yake da sanyi. Shi ya sa za ka ga bindiga ta ƙi tashi da asuba a watan Janairu, rana na ɗagawa ta saki jiki ta yi aiki kamar ba ita ba. Mai ita kuma ya ce sammu ne. Ban zo in yi gardama da abokan farautarka ba, Malam, amma kafin ka kai kuɗinka a kwance bakin bindiga, ka lura ko wannan ɗauri yana zuwa ne da sanyin safiya ya tafi da hantsi.

Bayan datti sai sifirin da ya gaji. Ƙarfe ne, shekaru da tsatsa suna rage masa ƙarfi, sai dukansa ya tsaya a kan iyaka: harsashi mai taushin cibiya ya tashi, mai taurin cibiya ya ƙi. Wannan shi ne asirin "wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi" a bindigogi da yawa. Allura ma kanta na iya cinyewa ko ya guntule. Sai kuma sassaucin gaɓa, watau in ka rufe bindiga ka girgiza ta ka ji bututu yana motsi a jikin gindi. In haka ta faru, harsashi yana samun wurin matsawa gaba lokacin da allura ta doke shi, ƙarfin dukan ya tafi a banza. Bindigar da ta kai wannan hali ba ta harbuwa kuma sai an gyara, domin wuta na iya fitowa ta baya zuwa fuska.

Kai da kake da baki biyu ka yi sa'a, bindigarka da kanta za ta ba da shaida. Ko wane bututu da allurarsa da sifirinsa. Ka tuna baya, ko ka duba kwansunan da ka tara: in kullum bututu ɗaya ne ke ƙi, na dama ko na hagu, to magana ta ƙare, wannan gefen ne ke da ciwo. In duka biyun suna yi, kuma da harsashin kwali ɗaya ne, to kwalin ne. In duka biyun suna yi da ko wane harsashi, sai a koma ga danƙon mai ko sassaucin gaɓa.

To libarbar da baffanka ya kawo misali da ita fa? Ita wannan ƙaramar bindiga ce mai ganga a tsakiya, gangar tana da ramuka, galibi 5 ko 6, ko wane rami da harsashinsa. Samuel Colt na Amurka ne ya yi rajistar irin da ta yaɗu a duniya a 1836. Duk lokacin da aka ɗaga guduma, gangar takan juya ta kawo sabon rami daidai da bututu. Dalilan ƙin tashinta kusan waɗanda muka faɗa ne: harsashi marar kyau, datti, sifirin da ya yi rauni ko dunƙulen da ke matse shi ya kwance, da gangar da ta yi sako-sako tana matsawa gaba da baya. Masu gyaranta ma cibiya suke karantawa, su kuma lura ko rami ɗaya ne kullum ke ƙi. In tabon allura ya koma gefe, gangar ba ta tsayawa daidai da bututu ke nan, irin wannan kuwa takan feso ɓarɓashin dalma ta gefe.

Amma ga inda shawarar baffa take da haɗari. A libarba, sake jan kunama ba sake dukan harsashin da ya ƙi yake yi ba. Juya ganga yake yi, ya kawar da wancan harsashi daga bakin bututu ya kawo wani. To in wancan mai jinkiri ne, wutarsa tana ci a ɓoye, zai tashi ne a ramin da ba ya kallon bututu, gabansa ƙarfen jikin bindiga, gefensa hannun mai harbi. Wanda ke tsakiyar artabu da 'yan fashi wataƙila ba shi da zaɓi, ina jin daga nan baffa ya samo maganarsa. Manomin da ke fuskantar biri yana da zaɓi.

Tun da mun ambaci libarba, wajibi ne in faɗi matsayinta. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu suna cikin kashin da aka haramta, wanda ba a riƙe shi sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin taka tana kashi na biyu, lasinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, tana kashi na uku, ita kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Saboda haka jami'in da libarbarsa ta aiki ke yi masa gardama, ma'ajiyar makamai zai mayar da ita a duba. Wanda kuwa ya tsinci irinta a cikin kayan gado, ba gyaranta ne ya kamata ya dame shi ba, ya nemi mai unguwa ko dagaci su raka shi ya miƙa ta ga hukuma.

Masu bindigar toka, na san kuna saurare, kuma ku ne kuka fi kowa gamuwa da wannan matsala, domin baƙin albarushi yana jan danshi, ƙazantar da yake bari a bututu ma haka, ga ɗan ramin da wuta ke bi ta shiga yana saurin toshewa. Jinkirin tashi ya fi yawa a wurinku, shi ya sa jiran naku ya fi tsawo, minti 2 cur, baki na kallon inda babu kowa. Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, maƙwabcina maharbi ne da ya shekara fiye da talatin yana shiga daji. Wata safiya da aka kwana ana ruwa bindigarsa ta ƙi tashi, ya dafa gindinta a ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa a bakinta yana laluben tsinke a aljihu da ɗaya hannun. Ya rayu, amma tun daga ranar da hannu ɗaya yake noma. Ba rashin sani ne ya ci shi ba, ya fi ni sanin bindiga nesa ba kusa ba. Sabo ne. Kada a leƙa bakinta, kada a busa, kada a ƙara albarushi a kan wanda ya ƙi. Kuma kada a kuskura a farke harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai iya ɗauka.

Abin da za ka iya yi da hannunka, Malam, kaɗan ne, amma sau da yawa ya isa. Ka tabbata babu harsashi a ciki, ka duba sau biyu. Ka goge fuskar ƙarfen da gindin harsashi ke jingina da ita, da bakin ramukan allura, da tsumma mai ɗan kananzir har baƙin ya daina fita, ka bari ta bushe sarai, sa'an nan ka sa ɗigo ɗaya na mai marar kauri, irin na keken ɗinki. Ɗigo ɗaya na ce, ba cokali ba. In za ka jingine ta, bakinta ya kalli ƙasa a kan wani abu mai tsabta, don kada mai ya gangara cikin gidan allura. Ka sami sabon kwalin harsashi daga dillali mai lasin ka gwada a wurin da babu mutane.

In bayan wannan ta sake yin ƙyas ko da sau ɗaya ne, ka tsaya nan. Kada ka buɗe cikinta, kada ka ja sifirin don ya ƙara tsawo, kada ka goga allura da magagari, kada kuma ka yarda a maye ta da ƙusa. Allurar da ta yi tsawo fiye da kima tana huda cibiya wuta ta dawo baya, ko ta tsaya a waje bindiga ta tashi lokacin da kake rufe ta. Maƙerin garinku gwani ne a kan garma da lauje, ban raina shi ba, amma gyaran bindiga doka ta keɓe shi ga wanda aka ba izni. Ka je ofishin 'yan sandan da ke kula da lasinka ka tambayi inda mai gyara mai izni yake, ka tafi da bindigar a karye, babu harsashi a ciki, lasin a aljihu. Ka haɗa da harsasan da suka ƙi tashi da kwansuna biyu ko uku na waɗanda suka tashi, ko wanne ka san bututun da ya fito, domin su ne abin da mai gyaran zai fara tambaya.

In ka dawo ka sake rubuto mana, ka gaya mana ko na dama ne ko na hagu, da irin man da kake shafa mata. Sai mun ji daga gare ka.